"Da sauƙi" ba labari ba ne: yadda za ka yi jinyar mahaifi daga nesa a lokacin annoba

Azumin 2020 ya same ni a Kuala Lumpur ina karatu, Malesiya kuma tana cikin dokar kulle saboda annobar korona tun 18 ga Maris. Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen ƙasashen waje tun 23 ga Maris, Kano kuma aka kulle ta a tsakiyar Afrilu, daidai lokacin da masu haƙar kabari suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun wuce abin da suka saba gani. Kullum na kira gida amsa ɗaya nake samu: Baba yana ɗan fama da zazzaɓi, amma da sauƙi. Sai a rana ta biyar ƙanwata ta shiga ɗaki ta turo ƙofa, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yaya, sallah ma fa a zaune yake yi, kuma in ya fara magana sai ya tsaya ya huta kafin ya ƙarasa."

Abin da zan jera a nan shi ne abin da na koya a kwanakin da suka biyo baya, wani da wuri, wani bayan na yi kuskure. Zai yi wa na ƙasar waje amfani, zai kuma yi wa wanda yake Legas ko Fatakwal aka hana shi tsallaka jihohi, ko na Maraɗi da iyaka ta raba shi da mahaifiyarsa a Katsina.

Ka fara gama magana da zuciyarka kan tafiya

Kwana biyu na ɓata ina laluben jirgi. Kada ka yi haka. Ka ba kanka yini ɗaya ka binciki abu uku: akwai hanya ta halal, kwana nawa za a killace ka idan ka sauka, kuma idan ka isa za a bar ka ka shiga wurinsa? A 2020 waɗanda aka kwaso daga waje sai da suka yi kwana 14 a killace, hana zirga-zirga tsakanin jihohi kuma ba a ɗage shi ba sai 1 ga Yuli, jiragen ƙasa da ƙasa ba su dawo ba sai 5 ga Satumba. In amsar ta fito cewa ba hanya, ka rufe babin. Hadisin da ya ce idan annoba ta sauka a gari kada na waje ya shiga, na ciki kuma kada ya fita yana cikin Bukhari da Muslim, kuma Sayyidina Umar da kansa ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Zamanka inda kake ba saɓa wa iyaye ba ne. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ce aka ɗaure, sai a nemi abin da ya rage a hannu.

Ka samu mutum ɗaya a gida

Mutum ɗaya, ba uku ba. Shi ne idonka, shi ne zai riƙe littafi, shi ne zai tsaya gaban likita. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka dole babban wa ne. Ka zaɓi wanda yake kwana a gidan, wanda ba ya firgita da wuri, wanda zai iya karanta takardar magani, kuma wanda ba ya cikin masu haɗari: ba tsoho ba, ba mai ciki ba, ba mai ciwon suga ko asma ba. A gidanmu ƙanwata ce, wadda ita ce ta biyun ƙarshe.

Sai dai kada ka naɗa ta da kanka daga nesa, za ka haɗa ta faɗa da manya. Na kira Baffa, ƙanin Baba, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Baffa, shawara nake nema. Ina ganin a bar yarinyar nan ta riƙa rubuta komai tana sanar da kai, saboda kai ma bai kamata kana shiga ɗakin ba da shekarunka." Shi ya sanar da gida da bakinsa, magana ta zauna. Sannan ka tanadi mataimaki, domin mai jinya ma jiki da jini ne, kuma a annoba tana iya kamuwa. Takunkumi, sabulu, buɗe tagogi, raba kwano da buta, waɗannan ka sa su cikin kuɗin jinya tun farko.

Ka daina tambayar "yaya jiki?"

Nan ne gaba ɗaya maganar take. Bahaushe ko yana gargarar mutuwa ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ba ƙarya yake yi ba, ladabi ne da tawakkali. Mutanen gida kuma suna ƙara nasu: kada a tayar wa na nesa da hankali tunda ba abin da zai iya. To ka yi gaisuwar, ka karɓi "da sauƙi" ɗin, sannan ka shiga tambayoyin da amsarsu lamba ce ko e ko a'a.

Ka sa a sayi abu uku idan babu su a gida: ma'aunin zafin jiki, na'urar awon hawan jini, da ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini. In yana da ciwon suga, a haɗa da na'urar awon suga. Ta yatsan ita ce ta fi muhimmanci a cutar da ke kama huhu, domin korona ta nuna mana mutum na iya zama yana hira alhali oksijin ɗinsa ya yi ƙasa sosai bai sani ba. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. In ta tsaya a 93 ko 94, a nemi likita a ranar. In ta kai 92 ko ƙasa da haka kuma aka sake aunawa ta maimaita, asibiti za a tafi, ba a jira gari ya waye. A auna yana zaune ya huta, hannu da ɗumi, a bar na'urar ta nutsu kamar minti ɗaya. Yatsa mai sanyi, jan farce, da baƙin lalle suna iya rikita ta, don haka ga iyaye mata a nemi yatsan da ya fi tsabta. Ka kuma sani cewa a kan baƙar fata takan ɗan ƙara lambar sama da gaskiya, saboda haka in ta ce 94 amma mutum yana haki, a yarda da hakin.

Sauran tambayoyin ba sa buƙatar na'ura. Numfashi nawa yake yi a minti ɗaya? A sa agogon waya a ƙirga tashin ƙirjinsa ba tare da an gaya masa ba. Babba mai lafiya yana yin 12 zuwa 20, in ya kai 30 abin ya yi tsanani. Zai iya faɗin jimla guda bai tsaya ba? Cokali nawa na kunu ya sha? Sau nawa ya yi fitsari tun safe, kuma wane launi? Ya gane kowa, ko ya fara kiran wani da sunan wani? Yana tafiya banɗaki da kansa? Ruɗewa, barcin da ba a iya tashinsa daga shi da sauƙi, ciwon ƙirji, ko leɓe ya sauya launi, kowanne a cikinsu ya isa a ɗauke shi ko da lambobin suna da kyau.

Duk wannan a rubuta a littafi ɗaya, irin na 'yan makaranta mai shafi 40 ya wadatar: kwanan wata, lokaci, lambobi, maganin da aka ba shi. Safe, la'asar, dare. A ɗauki hoton shafin a turo maka. Amfaninsa ba lambar yau ba ce, alƙiblar ce. 95 jiya, 94 da safe, 93 da yamma labari ne da babu wanda zai gane shi in kowa yana riƙe nasa a ka. A shafin farko a rubuta duk magungunan da yake sha tun da, da adadinsu, da cututtukan da yake da su, da maganin da jikinsa ba ya so.

Wani abu da ya kusa yi mana illa: Baba ya nace sai ya yi azumi, ga shi yana shan maganin suga, ga shi ba ya cin kirki da sahur. Wanda ba ya cin abinci yana shan wasu magungunan suga, sugansa na iya faɗuwa ya suma. Ni da na yi masa magana bai ji ba. Sai da muka sa limamin unguwa ya kira shi ya karanta masa ayar Suratul Baƙara da ta ba marar lafiya damar ya sha ya rama. Ka san wanda mahaifinka yake jin maganarsa, ka ajiye lambarsa kusa.

Ranar da za a tafi asibiti, a shirya ta kafin ta zo

Tun yana gida ka sa a amsa waɗannan: wane asibiti, yana karɓar masu irin wannan ciwo, yana da oksijin, motar wa za a ɗauka da tsakar dare, akwai mai a cikinta? A lokacin kulle mutane da yawa sun yi ta zagaye daga ƙofa zuwa ƙofa da marar lafiya a bayan mota. A samu asibiti na biyu da na uku a rubuce. A haɗa jaka: tufafi, magungunansa, littafin, katin asibiti, ƙaramar waya mai maɓallai wadda ya iya dannawa, caja, da fawa bank.

Za a yi gardama. A Kano a lokacin, mutane suna tsoron a ce korona ce, a tafi da mutum cibiyar killacewa ba mai jinya, in ya rasu kuma a hana iyali gawa. Kada ka raina wannan tsoro, yana da tushe. Amma ka mayar da maganar kan abu ɗaya: a gida babu oksijin, huhunsa kuma shi yake nema. Mai kemis na unguwa mutumin kirki ne, zai ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da allura da ƙarin ruwa, amma ba shi da abin da ake buƙata a wannan mataki. Kuma kada a sayo maganin da aka ji a rediyo. Misali dexamethasone, wanda binciken da aka yi a Ingila ya nuna a watan Yuni 2020 yana rage mutuwa, ga waɗanda suke kan oksijin ne yake da amfani, ga mai ciwo mai sauƙi ba ya taimakawa, kuma yana tayar da suga.

In likita ya yarda a sa masa oksijin a gida, ka tuna na'urar da ke tace shi daga iska ba ta aiki sai da wuta, don haka ana buƙatar tukunya ta ajiya don lokacin da aka ɗauke. Janareta a waje, nesa da taga. Kuma ba turaren wuta, ba gawayi, ba ashana a ɗakin.

Yadda ake magana da likita daga wata nahiya

Likita a lokacin annoba ba shi da lokacin amsa kiran 'ya'ya shida. Ka bar wakiliyarka ta zama ƙofa. Likitoci sukan zagaya marasa lafiya da safe, to ta kasance a wurin da tambayoyi a rubuce, in an yarda ta sa ka a waya ka saurara. Ni ƙarfe 10 na safe a Kano ƙarfe 5 na yamma ne a wurina, sai na gyara yinina a kan haka. Tambayoyi biyar sun isa: me kuke ganin yake damunsa, me ake ba shi, me kuke sa ran gani nan da kwana biyu, me ya rasa wanda za mu iya sayowa, kuma in abin ya ƙaru mene ne mataki na gaba, akwai shi a nan ko sai an canja asibiti?

Ka fara da "Likita, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka." Kada ka karanto masa abin da ka gani a intanet kamar kana yi masa jarrabawa. In kana da aboki likita a inda kake, ka tura masa hoton littafin ya fassara maka, amma kada ya zama yana sauya magani ta waya bai ga marar lafiya ba. Kuma ka girmama nas-nas, su suke ganin dare, su za su gaya wa ƙanwarka gaskiyar yadda ya kwana. A tsayar da wanda zai sa hannu in an nemi izinin wani aiki cikin gaggawa, kada a tsaya neman ka alhali kana barci.

Kuɗi

Asusu ɗaya, mai riƙo ɗaya, hoton kowane rasit. Ba don rashin yarda ba, don kare mai riƙon ne daga maganar da za ta taso bayan wata shida. Ka sa a cire tsabar kuɗi a ajiye a gida, domin ranar da ake buƙatar tukunyar oksijin da dare ita ce ranar da na'urar POS za ta ce babu sabis. Ka sa kuɗin mota, abinci, kati da data na mai jinya a lissafi ba tare da ta roƙa ba, don ba za ta roƙa ba. In wani ya kira ka da baƙuwar lamba ya ce daga asibiti yake, a turo kuɗi yanzu, ka kashe ka kira wakiliyarka. Kuma kada kuɗin da kake turawa ya sa ka ɗaga murya. Wadda take wanke masa jiki ta fi ka biya.

Zauren dangi na WhatsApp

Ka raba biyu. Ƙaramin zaure na mutum huɗu ko biyar masu yanke shawara, a nan ake sa lambobi. Babban zaure na dangi kuma saƙo ɗaya a rana, daga mutum ɗaya: ya kwana lafiya, ana ci gaba da magani, a taya mu da addu'a, likita ya hana dubiya. Za a turo maka haɗin tafarnuwa da citta da habbatus sauda, da sautin wani da aka ce likita ne. Ka yi godiya, kada ka yi musu da gwaggo. Doka ɗaya kawai: ba abin da zai shiga bakinsa sai likita ya sani. Ka kuma roƙi kowa tun yanzu, komai ya faru kada a sa a Facebook ko a kan status sai an kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

Ka yi magana da shi, kuma kada ka jira

Kira gajere, minti biyu ko uku, a lokacin da ya fi samun ƙarfi. Kada ka yi masa tambayar da za ta sa ya yi dogon bayani, kai ka yi maganar. Ka ba shi labarin jikokinsa, ka gaya masa an biya kuɗin makarantar ƙannenka, domin abin da ke hana uba barci a gadon asibiti ke nan. In ba ya iya amsawa, a ajiye wayar kusa da kunnensa. Na riƙa naɗar karatun surorin da yake so da muryata ina turawa, ana kunna masa bayan magariba.

Akwai maganar da muke jin nauyinta saboda kamar ana kiran mutuwa ne: neman yafiya. Ka yi ta tun yana iya amsawa. Ni na ce, "Baba, ka yafe mini duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, "Ba ka yi mini komai ba. Allah ya yi maka albarka." Haka nan maganar bashi da ajiyar mutane da ke hannunsa. In ba za ka iya ba, Baffa ko amininsa ya tambaye shi cikin hikima, a rubuta.

Mahaifiyarka ma ka ware mata nata kiran, wanda ba na lambobi ba.

Kai ma jiki ne

Makon farko na kwana da waya a ƙirji, duk ƙarar da ta yi sai gabana ya faɗi. Abin da ya taimaka: muka yi yarjejeniya cewa labarin yau da kullum saƙo ne a lokuta uku sanannu, kira kuma na gaggawa ne kaɗai. Sai na kashe ƙarar komai ban da lambar mutum biyu. Ka gaya wa shugabanka a wurin aiki ko malaminka halin da kake ciki tun da wuri. Ka samu mutum ɗaya a garin da kake wanda zai iya zuwa ko ya kira ka in labari marar daɗi ya zo. In ka kai mako biyu ba barci, ba cin abinci, ko ka fara jin rayuwar ta ishe ka, ka ga likita kai ma.

In Allah ya karɓi abinsa

Ka gaya musu tun yanzu: kada a ɓoye mini, kuma kada a jinkirta jana'iza saboda ni. Wani abokin karatuna a can ya ji rasuwar mahaifiyarsa ne ta hanyar saƙon ta'aziyya daga wanda bai ma san shi sosai ba, mutanen gida suna can suna shawarar wa zai gaya masa. In ana ganin lokaci ya yi, a sa maka waya ka yi masa kalmar shahada a hankali, ba tare da matsa masa ba. A bi ƙa'idar da ma'aikatan lafiya suka gindaya wajen wanka da yawan masu sallah. Game da sallar gawa daga nesa, malamai sun saɓa: Shafi'iyya da Hanbaliyya sun halatta bisa sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi, Malikiyya da Hanafiyya ba su tafi a kan haka ba, sai ka tambayi malamin da ka yarda da shi. Addu'a, sadaka da biyan bashinsa kuwa ba mai jayayya a kansu, kuma duk ana yin su daga ko'ina. Ka sa a karɓi takardar shaidar rasuwa kafin a bar asibiti, banki da fansho za su neme ta. Ka kuma tuna takabar mahaifiyarka wata huɗu ne da kwana goma, masu zaman makoki kuma kwana kaɗan za su yi su watse.

In an sallame shi

Baba ya yi kwana 19 aka sallame shi, ya rame har hularsa tana masa yawa. Sallama ba warkewa ba ce. Ya ɗauki makonni kafin ya iya zuwa ƙofar gida bai huta ba. A ci gaba da awo ko da sau ɗaya a rana, a tambayi likita wane magani aka ƙara, wanne aka cire, yaushe za a dawo. A tsare ƙofa daga 'yan dubiya, Baffa ne ya yi mana wannan aikin, yana zaune a zaure da takunkuminsa yana karɓar gaisuwa a madadinsa. Ƙanwata kuma muka haɗa mata kuɗi mu 'yan nesa, muka sa matar yayanmu ta karɓe ta na mako guda don ta yi barci.

Ban samu dawowa ba sai a Disamba. Littafin yana nan a durowar Umma, bangonsa duk tabon shayi. Da hawan jininta ya tashi daga baya, shi aka ɗauko aka ci gaba daga shafin da aka tsaya.